Abin da Ya Kayar da Shamuwa

Asabar, 4 ga Mayu, 11:20 na safe

Shamuwa ta faɗi. Bari in rubuta yadda aka yi tun kafin zuciya ta fara yi wa labarin kwaskwarima.

Ƙarfe bakwai da kwata na tashe ta daga gonar Alhaji Sule da ke hanyar Kaita, inda muke haɗuwa duk Asabar har zuwa faɗuwar ruwa. Iska kaɗan ce. Batir cike yake, ni na auna. Ta yi zagaye biyu a kusa lafiya lau. A na uku na bar ta ta yi nisa har wajen gawon da ke can ƙarshen gonar, na karkata ta don ta juyo, sai rimot ya zama guntun katako a hannuna. Na ja, shiru. Na sake ja, shiru. Injin ya ɗauke, ta sunkuyar da kai ta caki ƙasa. Farfela ta karye, hanci ya lotse, fiffiken dama ya tsage kamar taƙi ɗaya. Duk abin gyara ne.

Ita ce jirgi na shida da muka ƙera ni da Malam Muhyiddeen mai gyaran rediyo na Ƙofar Kwaya, wanda nake kira Injiniya, shi kuma yake ce mini Edita. Cikin shekara goma sha ɗaya rabon aikinmu bai taɓa canzawa ba: jiki nawa, wuta tasa. Ni ke yanka, in manna, in yi fenti. Shi ke jan waya, ya liƙa da dalma, ya zaunar da risiba da eriyarta.

Abu biyu ne kawai ke sa ƙaramin jirgi ya daina jin magana a sama. Ko dai saƙon rimot bai isa ga risiba ba, ko kuma wuta ta ɗauke wa risibar. Na tabbata na biyun ne, wani liƙi ne ya saki. Na faɗi haka a filin. Mai yiwuwa muryata ta wuce yadda ake buƙata.

Injiniya bai tsaya shan shayi ba. Malam Sagir, malamin kimiyyar nan da ke tashi tare da mu, ya kai shi gida a babur.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Matsalar wuta ce. Gobe zan nuna wurin da yatsa.

Litinin, 6 ga Mayu, 9:40 na safe

Na shimfiɗa ta a tebur na buɗe bayanta. Liƙi goma sha huɗu ne tsakanin batir da risiba da inji. Na ɗaura mita, na danne ƙananan injinan da ke motsa fukafukai da jela duka lokaci ɗaya, don su ja wuta iyakar jansu. Allura ta tsaya a kan biyar, daidai inda ya kamata, ko girgiza ba ta yi ba. Na ja kowace waya da hantsaki. Na bubbuga. Na duba liƙi tara da gilashin da nake duba ƙananan haruffa da shi a maɗaba'a. Dalmar sumul, tana sheƙi, babu tsaga.

Saura biyar. Shekara ashirin da shida da na yi ina tace jarida sun koya mini cewa kuskure yana son layin ƙarshe, inda ido ya riga ya gaji.

Ta ɓangarena ban canza komai ba, in ban da ƙarfin da na ƙara wa cikinta ranar Alhamis saboda kaushin gonar. Wannan aikin jiki ne, ba ruwansa da wuta.

Laraba, 8 ga Mayu, 2:30 na rana

Na bi ta Ƙofar Kwaya ƙarfe goma. Shagon a kulle. Ban taɓa ganinsa a kulle ranar Laraba ba, amma mutum yana da damar ya huta.

Da na dawo, matata Hure ta ajiye mini abinci ba ta koma ciki ba.

“Malam, wai me ka ce wa Injiniya a gonar nan?”

Na ce bayani na yi mishi kan aiki.

“To bayanin naka ya riga ka shigowa gari. Jiya a gidan suna na ji shi. Talatu ko kallona ba ta yi ba, ni da muke zama tabarma ɗaya shekara talatin.”

Talatu matarsa ce. Na tambayi Hure me ake faɗa. Ta maimaita mini: “Hannunka ya daina riƙe dalma, Injiniya, sai haƙuri.” Ta ce a gaban mutum tara.

Mutum takwas ne. Na tara ɗin mai rake ne da ke wucewa.

Alhamis, 9 ga Mayu, 8:00 na safe

Liƙi na goma, na sha ɗaya, na sha biyu. Lafiya lau.

Asabar, 11 ga Mayu, 12:45 na rana

Na je gona ba jirgi. Injiniya bai zo ba. Sagir ya ja ni gefe ya ce mutum biyu sun je gida sun karɓe rediyoyinsu ba a gyara ba, wai kada a ƙarasa lalata musu. Ɗaya daga cikinsu tun yana saurayi Injiniya ke mishi gyara.

Ina shigowa gida Umair ya kira daga Kaduna, babban ɗan Injiniya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, “Baba Maitama, wallahi na gode. Mun daɗe muna so wani ya faɗa mishi, ba wanda yake jin maganarsa irin ku. Ƙarshen watan nan zan zo in tafi da shi. Shagon kuma a mayar wa mai shi mabuɗi, ya isa haka.”

Na ce kada a yi gaggawa, bincike bai ƙare ba. Ya yi dariya ya ce, “Baba, ai kun riga kun buga labarin.”

An sha gode mini kan rubutu. Wannan godiyar ban san inda zan ajiye ta ba. Shagon nan shekararsa talatin da huɗu. Injiniya ya taɓa ce mini ranar da aka rufe shi a fara tambayar inda za a yi sallarsa. A lokacin dariya muka yi.

Lahadi, 12 ga Mayu, 3:10 na rana

Sabon zato: zafi. Wataƙila liƙin yana riƙewa a inuwa, ya saki in ya sha rana. Na ajiye Shamuwa a tsakar gida daga sha biyu zuwa biyu, har gam ya fara laushi. Na ɗaura mita. Biyar.

Na canza batir. Biyar. Na girgiza ta kamar mai kaɗa nono. Biyar.

Na karanta abin da masu wannan sana'a suka rubuta, na da da na yanzu. Duk sun yarda cewa in wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido ne, 'yar fitilar risiba takan koma walƙiya har sai an cire batir. Na kira Sagir, don shi ya fara isa wurin da ta faɗi. Ya ce fitilar a tsaye take, ba ta walƙiya. Na ce ko ya tabbata. Ya ce, “Malam, ja ce, a tsaye, kamar idon zakara.”

Shaidar mutum ɗaya ce, kuma a guje ya isa.

Talata, 14 ga Mayu, bayan magariba

Na je gidansa. Ya fito zaure, ya sa aka shimfiɗa darduma. Mun gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi ƙafata, ya sake tambayar iyali. Malam Maitama yake ce mini. Shekara talatin ban ji sunan nan a bakinsa ba.

Na ce ina kan bincike. Ya ce, “Allah shi taimaka.”

Na ce liƙi goma sha uku ba su da laifi. Ya ce, “Madalla. Saura ɗaya ke nan.”

Hannunsa na dama yana cikin aljihun riga tun da na shiga har na fita. Da hagu ya miƙo mini ruwa, ya ce in yi haƙuri.

Abin da na gani cikin azumi game da kofin shayi ba na wannan littafin ba ne.

Laraba, 15 ga Mayu, 10:05 na safe

Na yanke na sha huɗu, wanda ke kan wayar inji, don in ga cikinsa. Dalma ta ratsa kowane silin waya. Ban taɓa ganin liƙi mai kyau irinsa ba. Yanzu kuma na yanke shi, kuma ban iya mayarwa ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, 7:30 na safe

Matsalar wuta ce. Ko kuma dai ba a kai ga gano ta ba tukuna.

Juma'a, 17 ga Mayu, 5:20 na yamma

Gwajin nisa. Ana rage ƙarfin rimot, mutum ya ja baya taku talatin, a ga ko jirgi yana amsawa. Na yi shi ne don cika ƙa'ida kawai, kada a ce na tsallake wani abu. Daga bakin zaure zuwa bangon baya taku ashirin da takwas ne, ya wadatar. Hure ta riƙe Shamuwa a can, ni ina nan.

Hanci yana kallona: jela tana motsi. Gefe: tana motsi. Baya: tana motsi. Na ce shi ke nan, saƙo yana isa.

“To in ajiye? Hannuna ya gaji, kuma miya na kan wuta.”

Na ce ta ba ni minti ɗaya in sake. Sai ta rungume jirgin a ƙirji don ta huta, cikinsa yana fuskantata. Na ja. Jela ba ta motsa ba.

“Ta mutu,” in ji Hure.

Na ce ta riƙe daidai. Ta daidaita, jela ta motsa. Ta sake rungumewa, ta tsaya. Ba ni na ce ta sake ba, ita ta ga dama. Sau huɗu ta yi.

“Malam, ni ban yi boko mai nisa ba, amma abin nan ba ya mutuwa sai na nuna maka cikinsa. Me ke cikin?”

Na ce miyarta za ta ƙone.

Asabar, 18 ga Mayu, 6:50 na safe

Ban je gona ba. Ban buɗe cikinta ba.

Lahadi, 19 ga Mayu, 11:00 na safe

Na ɓare farar ledar da na manna a cikinta. Ba don in ga abin da ke ciki ba, ai ni na sa shi.

Filet ne, farantin alminiyam da ake buga jarida da shi. Ranar da na bar aiki yaran maɗaba'a suka ba ni na shafin farkon da na tace na ƙarshe. Shekara goma sha biyu yana bayan kabad. Gonar Alhaji Sule tana yage cikin jirgi duk sauka, sai na ga ga abu mara nauyi, mai ƙarfi, kuma nawa. Na yanko tsawon kamu ɗaya na shimfiɗa daga hanci zuwa tsakiya, na rufe da leda. Har wani daɗi na ji, wai shafina zai tashi sama. Ban gaya wa Injiniya ba, don jiki nawa ne.

Eriyar risiba tana kwance a kan farantin, yatsa ɗaya tsakaninsu. Muddin jirgi yana kusa, saƙo yana samun hanyar zagayawa. In ya yi nisa ya juyo mini ciki, ƙarfen ya shiga tsakanina da eriya kamar ƙofar da aka turo. Saƙo ya yanke, risiba ta kashe inji kamar yadda aka tsara mata. Wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba. Fitilar ja a tsaye. Sagir ya faɗi daidai.

Tun jirginmu na farko Injiniya ya ce mini, “Edita, yi abin da kake so da jikinka, amma kada ƙarfe ya matso mini eriya.”

Litinin, 20 ga Mayu, 4:40 na yamma

Hure ta ce in je gidansa yau in ba shi haƙuri a zaure, a wuce wurin.

Ba zai yiwu ba. A jarida na yi faɗa da editoci uku kan abu ɗaya. In muka yi wa mutum kuskure a shafin farko, sukan so a tura gyaran shafi na sha tara, ƙarƙashin tallan maganin basir. Ni kuma na ce inda aka yi kuskure nan gyara zai fito, da haruffa masu girma ɗaya. Sau biyu aka kusa korata. Zaure shafi na sha tara ne. A gona na faɗa, gaban mutum takwas.

Ta ce, “Tara.”

Na kira su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Sule ya ce in zo da wuri, ya ga shamuwar gaske a kan tsamiya jiya, da ruwa ya sauka zai sa iri, ba jirgi ba dalilinsa.

Laraba, 22 ga Mayu, 9:15 na safe

Na gyara hanci da fiffike, na sa sabuwar farfela. Na mayar da farantin inda yake. Wayar inji tana nan a yanke.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Umair ya iso. Na tare shi a bakin masallaci na roƙe shi ya kawo mahaifinsa gona gobe. Ya ɗauka sallama za a yi. Ya ce, “In ya yarda, Baba.” Ban gyara mishi zato ba. Gobe zan gyara duka gaba ɗaya.

Asabar, 25 ga Mayu, 1:30 na rana

Sun zo ƙarfe bakwai da rabi. Injiniya ya fito daga mota da tsohuwar jakarsa ta kayan aiki a kafaɗa. Na lura da jakar.

Mutum takwas sun cika. Sagir har da nemo mai raken.

Na ba Umair jirgin, na ja baya taku talatin. Hanci, gefe, baya: jela tana motsi. Na ce ya juyo mini cikinta. Ta tsaya cik. Na dawo na ɓare leda a gabansu, na zare farantin, na sake komawa. Ya juyo ciki. Jela ta motsa kamar ba ta taɓa yin gardama ba.

Alhaji Sule ya ɗauki farantin ya kanne ido. “Kai, har da rubutu! Edita, jarida ka aika sama? Wa zai karanta, ungulu?”

Na fitar da takarda na karanta. Na kwafe ta nan:

“Gyara. Ranar Asabar 4 ga Mayu, a wannan gona, na ce hannun Malam Muhyiddeen ne ya kayar da jirgi. Ba haka ba ne. Liƙinsa goma sha huɗu duka lafiyayyu ne, na auna su, ɗaya har yanke shi na yi. Farantin da na sa a ɓoye ne ya tare saƙo. Kuskuren nawa ne ni kaɗai. Ina neman gafararsa.”

Injiniya ya karɓi farantin ya auna nauyinsa a tafin hagu.

“Tun ran nan da na ɗauko ta daga mota na ji ta ƙara nauyi a ciki,” in ji shi. “Na ƙwanƙwasa na ji ƙarfe. Kahin in yi magana ka riga ka tashe ta.”

Na ce to bayan ta faɗi me ya hana ya faɗa.

“Kai ka bar wuri? Kuma na ce bari in gani ko kana tace naka rubutun kamar yadda kake tace na mutane. Sati uku, Edita. Jaridarku da haka take fita?”

Dariyar da aka yi har mai rake.

Na ce akwai sauran abu, wayar inji a yanke take. Ya ce ya sani, wa zai duba liƙi goma sha huɗu bai ɓata ɗaya ba. Ya zauna a ƙasa ya buɗe jaka. Sagir ya jona ƙarfen liƙi da batirin mota. Sannan Injiniya ya fitar da hannun dama daga aljihu.

Hannun yana rawa. Tun cikin azumi na ga haka a kofin shayinsa, amma yau ne na fara rubuta shi.

Bai ɓoye ba. Ya ɗauko wani guntun katako da ya sha hannu har ya yi santsi, ya ɗora wuyan hannun a kai, ya danne da hagu. Ya sa Umair ya riƙe wayar. Ya jira, yana kallon bakin ƙarfen, kamar mai jiran mota ta wuce ya tsallaka titi. Sai ya taɓa sau ɗaya. Dalma ta kwanta sumul.

“Shekara biyu da katakon ga nike aiki,” ya ce wa ɗansa. “Wa ya taɓa maido da rediyo?”

Umair ya daɗe yana kallon liƙin. “Likita dai sai an gani, Baba.”

“A gani. Kwana goma na ba ka. Amma mabuɗi ba ya komawa wurin kowa.”

Umair ya dube ni, ya dubi katakon, ya ce to.

Shamuwa ta yi minti shida a sama. Na kai ta har bayan gawon, na juyo da ita sau biyar tana nuna mini ciki. Ba ta yi gardama ko sau ɗaya ba. Wajen sauka gonar ta yage mata ciki kamar kullum.

A bakin mota Injiniya ya danƙa mini mabuɗin shago, in riƙe kafin ya dawo. Na ce na gode, magana ta ƙare. Ya ce, “Ina ta ƙare? Nan ka buga, amma wasu sun kwafa. Majalisar Ƙohwar Kwaya ta ɗauka, gidan suna ya ɗauka. Su wa zai kai musu gyara?”

Talata, 28 ga Mayu, 5:50 na yamma

Ruwa ya sauka jiya da la'asar. Alhaji Sule ya sa iri. Su Injiniya sun tafi Kaduna ganin likita tun Lahadi, Talatu ta aiko wa Hure da daddawa kafin su tashi.

Ina buɗe shagon ƙarfe tara in zauna. Ba na taɓa komai, sai dai in karɓi rediyo in rubuta suna in manna. Huɗu suna jiransa a kan benci, biyu daga ciki waɗanda aka karɓe ne aka maido. Farantin yana kan tebur. Duk wanda ya tsaya gaisuwa sai na nuna mishi, in faɗi abin da na sa da abin da na ce. Wasu sun fara sauya hanya in sun hango ni.

Yau mutum goma sha ɗaya. Hure ta ce wadda ta fara kai maganar gidan suna a Ƙofar Durɓi take. Gobe in na rufe shago can zan nufa.